Yadda 'Yan Gasar Katin Pokémon Ke Shafe Shekara Suna Fatauci Da Takarda

A ranar Lahadi 18 ga watan Agusta na shekarar 2024, a birnin Honolulu da ke tsibiran Hawai na ƙasar Amurka, wani matashi ɗan ƙasar Cile mai suna Fernando Cifuentes ya doke Seinosuke Shiokawa na Japan a wasan ƙarshe na gasar katin Pokémon ta duniya, inda ya tashi da kofi da tsabar kuɗi dala 50,000, wato kusan sefa miliyan 30 a canjin wancan lokaci. Duk ɗan kasuwar da ya ji wannan adadi, abin da zai fara tambaya shi ne nawa aka zuba kafin a kai ga haka, kuma mutum nawa ne suka zuba irin wannan jari suka koma gida hannu rabbana. Tambayar kuwa tana kan hanya, domin idan aka bi diddigin shekara guda a rayuwar mai shiga irin wannan gasa, za a tarar ta fi kama da fatauci fiye da wasa: akwai uwar kuɗi, akwai doguwar tafiya, akwai kuma haja mai iya kwantai cikin dare ɗaya.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya bambanta wannan kati da kartar da aka saba gani. A karta, kowa na wasa da kwali ɗaya mai ganye 52 da ba ya sauyawa. A nan kuwa kamfani ne ke ta buga sababbin katuna, kowanne da hoto da irin aikin da yake yi a rubuce a jikinsa, ana sayar da su a rufaffen fakiti wanda mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya yage. Daga cikin dubban katunan da ke kasuwa ne ɗan wasa zai zaɓi nasa ya haɗa bandir ɗinsa, ya je ya gwabza da bandir ɗin wani. Wani masanin lissafi Ba'amurke, Richard Garfield, shi ya ƙirƙiro wannan salo da wasansa mai suna Magic: The Gathering, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993. Katin Pokémon ya biyo baya a Japan a 1996, sai Yu-Gi-Oh! na kamfanin Konami a 1999. Ya zuwa watan Maris na 2025, kamfanin Pokémon ya ce katunan da ya buga sun haura biliyan 75.

A wasan Pokémon, bandir kati 60 ne cif, kuma ba a yarda a sa fiye da huɗu masu suna ɗaya ba, in ban da katunan makamashi na gama-gari. Kowane ɗan wasa yakan ware kati shida ya kife a gefe a matsayin lada. Duk lokacin da ya kayar da dabbar abokin karawarsa sai ya ɗauka daga ciki, wanda ya riga kwashe shidansa shi ya ci. An kasa masu gasa gida uku bisa shekaru, yara da matasa da manya, kuma a rukunin manya ne ake samun cunkoso, ma'aikata da ɗaliban jami'a da magidanta.

Kakar wasa takan kankama wajen watan Satumba, ta ƙare da gasar duniya a watan Agusta. Ba a sayen tikitin shiga gasar duniya, sai dai a gayyaci mutum, gayyatar kuwa da maki ake samun ta. Ana fara tara makin ne daga ƙananan gasanni da shagunan sayar da kati ke shiryawa a ƙarshen mako, inda mutum goma ko talatin kan haɗu. Sama da su akwai gasannin yanki, waɗanda ake yi a manyan ɗakunan taro na biranen Amurka da Turai da Kudancin Amurka da Ostireliya, sannan manyan gasannin ƙasa da ƙasa, irin waɗanda aka yi a Sao Paulo da Landan da New Orleans a kakar 2024 da ta 2025. A da, adadin maki aka yanke, duk wanda ya kai ya samu gurbi. Daga kakar 2025 sai aka koma ɗaukar waɗanda ke saman jeri a kowane yanki, abin da ke nufin mutum ba zai tara nasa ya koma gida ya kwanta ba, domin na bayansa na iya zarce shi a makon ƙarshe. Wanda ya lashe gasar yanki kam yana samun gayyata kai tsaye, to amma mutum ɗaya ne daga cikin dubu ko dubu biyu.

Nan ne kuɗi ke zurarewa. Akwai kuɗin rajista, wanda a manyan gasanni guraben kan ƙare cikin mintoci kaɗan da buɗewa a intanet. Akwai jirgi da otal na kwana biyu ko uku da abinci, wani kuma har da biza. Shi ya sa za ka ga ƙarti huɗu ko biyar sun haɗa kuɗi sun kama ɗaki ɗaya, kamar dai yadda abokan tafiya kan yi a masauki. Kamfanin yana ba da tallafin tafiya, amma ga waɗanda suka riga suka yi fice a jeri, wato mai shi ake ƙara wa.

Ranar gasa kanta ba ƙaramar wahala ba ce. Tun kafin a fara, kowa zai miƙa jerin katunansa 60, kuma ba shi da ikon sauya ko ɗaya har a tashi. A ranar farko ana buga zagaye takwas ko tara, kowane zagaye minti 50, wanda ya ci biyu cikin uku shi ke da nasara. Nasara maki uku ce, kunnen doki maki ɗaya. Ba a fitar da mutum don ya faɗi sau ɗaya. Kwamfuta ce ke haɗa masu maki iri ɗaya, ta yadda duk sa'adda ka ci, wanda za ka tarar a gaba ya fi na baya zafi. Mutum kan zauna daga safe har bayan isha'i yana lissafin abin da ya rage a bandir ɗinsa da abin da abokin karawa zai iya ɓoyewa a hannu, ga alƙalan wasa na zagayawa. Wanda ya ja kati fiye da ƙa'ida bisa kuskure, ko aka samu wata alama a ledar da ya sa katunansa, hukunci na iya hawa kansa har ya rasa wasan. Faɗuwa uku a ranar farko kan isa ta mayar da mutum ɗan kallo, alhali ya riga ya biya otal har zuwa Lahadi.

To sai dai abin da ya fi kusa da zuciyar ɗan kasuwa a wannan harka shi ne yadda darajar kati ke hawa da sauka. Kusan duk bayan wata uku kamfanin Pokémon na fitar da sabon rukunin katuna, kuma sabon kati ɗaya na iya mayar da bandir ɗin da ya yi tashe jiya abin dariya. Bayan wannan akwai sharar shekara. Kowane kati na ɗauke da ƙaramin harafi a ƙasansa, kuma duk shekara ana sallamar harafin da ya fi tsufa daga gasa: a watan Afrilu na 2024 aka sallami masu harafin E, a Afrilun 2025 masu harafin F suka bi su. Katin yana nan garau, bai yage ba, bai koɗe ba, amma ba shi da shiga fage. Wanda ya taɓa sarin atamfa ana gobe a daina yayinta ya san wannan ciwo. Bambancin kawai shi ne a nan ana sanar da ranar tun da wuri, don haka mai wayo yakan rabu da kayansa kafin farashi ya karye.

Akwai kuma wanda ba ya sallama, wato haramci. A watan Yuni na 2024 aka fitar da wani katin Magic mai suna Nadu. A ƙarshen watan, a babbar gasar ƙwararru da aka yi a Amsterdam, biyar daga cikin takwas ɗin da suka kai zagayen ƙarshe da shi suka yi wasa, ciki har da Simon Nielsen na Denmak da ya lashe gasar. Ranar 26 ga Agusta kamfanin ya haramta shi a wannan rukuni, saboda ya fi ƙarfin sauran. Wata guda bayan nan, ranar 23 ga Satumba, kwamitin da ke kula da wani salon wasan Magic da ake kira Commander ya haramta katuna huɗu, ciki har da Mana Crypt da Jeweled Lotus masu tsada. Farashinsu ya rikito a ranar, masu shaguna da masu ajiya suka tafka asara, fushin ya kai har wasu suka riƙa aika wa 'yan kwamitin barazana, kuma bayan mako guda suka miƙa ragamar ga kamfanin. Haka ma a Yu-Gi-Oh!, Konami kan fitar da jerin katunan da ya hana ko ya taƙaita lokaci zuwa lokaci. Su 'yan Yu-Gi-Oh! ma ba a ba su tsabar kuɗi a gasannin kamfanin, sai kofi da katin kyauta na musamman wanda mutum zai iya sayarwa, amma duk da haka a 2012 mutum 4,364 suka hallara a gasa guda a Long Beach ta jihar Kalifoniya.

Shin wa ke cin riba ke nan? A kakar 2024 zakaran gasar yanki ta Pokémon na samun dala 10,000, na ƙasa da ƙasa dala 25,000, amma kaɗan daga saman jeri ne ke ganin kuɗi; sauran sai dai fakitin kati ko maki, mafi yawa kuma babu ko ɗaya. Hatta fitattun ba da kyautar kaɗai suke rayuwa ba, sukan koyar da wasu a biya su, su yi rubutu ko bidiyo, ko wani shago ya ɗauki nauyinsu. Ƙwarewa tana aiki, babu shakka: Jason Klaczynski na Amurka ya ci gasar duniya sau uku, a 2006 da 2008 da 2013, kuma sa'a kaɗai ba ta yin haka. Amma ga Tord Reklev na Norwe, wanda ya lashe manyan gasannin ƙasa da ƙasa a nahiyoyi huɗu, ya kai wasan ƙarshe a Yokohama a 2023, Vance Kelley ya kayar da shi. Shi kansa Cifuentes an doke shi a zagayen 'yan takwas a Honolulu. Abokin karawarsa ne ya yi wata alamar rashin ɗa'a da hannu a gaban kyamara, alƙalai suka ƙwace nasarar suka ba Cifuentes, daga nan ya zarce har kofi, da wani bandir da dabba iri ɗaya ce tak a cikinsa, Iron Thorns guda huɗu.

Manyan kuɗin da ake ji a labarai kuwa ba a teburin gasa suke ba. Kasuwa biyu ce: ta 'yan wasa da ta masu ajiya. Kamfanin kan buga kati ɗaya a siga biyu ko uku, na talaka da mai ƙyalli da ado, aikinsu ɗaya a wasa amma farashinsu sama da ƙasa. Masu ajiya sukan aika katinsu wani kamfanin Amurka mai suna PSA ya duba lafiyarsa, ya ba shi daraja daga 1 zuwa 10, ya rufe shi a roba. A watan Yuli na 2021, a Dubai, ɗan wasan intanet Logan Paul ya ba da katin Pikachu Illustrator mai daraja 9, wanda aka ƙiyasta dala 1,275,000, ya ɗora tsabar dala miliyan 4 a kai, don ya karɓi irinsa mai daraja 10. Kati ne da aka raba a 1998 ga waɗanda suka ci gasar zane ta wata mujallar Japan, kuma ba ya cin wasa ko ɗaya.

Tilas wani ya tambaya ko wannan ba caca ba ce. An daɗe ana wannan muhawara. A farkon wasan Magic akwai dokar da kowa zai ajiye kati ɗaya wanda ya ci ya ɗauke, daga baya aka cire ta saboda zargin caca. A watan Maris na 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta Pokémon, kuma caca na cikin dalilan da ta bayar. Inda zargin ya fi kamawa shi ne rufaffen fakitin nan. Abin lura, 'yan gasa na gaske ba su cika dogara da yage fakiti ba. Sukan sayi ainihin katin da suke buƙata ɗai-ɗai a hannun dillalai, da farashinsa a bayyane, domin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

A taswirar gasar Pokémon, ƙasar Afirka ɗaya da sunanta ya fito ita ce Afirka ta Kudu, wadda aka haɗa yanki ɗaya da Gabas ta Tsakiya. Saboda haka inda harkar za ta fi shafar ɗan kasuwarmu shi ne wajen sari. Mai sayo kayan wasan yara daga Dubai ko Guwanju na iya cin karo da kwalayen katin Pokémon a farashi mai rahusa ƙwarai, kuma jabu ya yi yawa a wannan haja. Katin gaskiya yana da siririn layi baƙi a tsakiyar takardarsa, wanda ake gani idan aka yaga shi, haske kuma ba ya ratsa shi da sauƙi. Jabu sau da yawa ba shi da wannan layi, launin bayansa kan koɗe, rubutunsa kan zo da kurakurai, kuma za ka ga kusan kowane kati a fakitin yana ƙyalli. A sayar wa yaro a matsayin hoton wasa abu ne daban. Amma wanda ya ji labarin miliyoyin Dubai ya ce zai ajiye kwali ya jira farashi, ya sani PSA ba ya ba jabu daraja, alƙalin gasa kuma da ya gano shi a bandir zai sa a cire.