Kafin ka je wurin likitan ƙwaƙwalwa: me za ka tarar, nawa za ka tanada?

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin lafiya na wannan mako, mun zuba shi a takarda saboda wanda shirin ya wuce shi yana kan hanya, da wanda yake so a sake karanta masa.

Abin da ya jawo maganar, wani dattijo ne mai sayar da gwanjo a Misebo ya tare ni bayan an sauko daga Juma'a a Zango. Wata 4 ke nan ba ya barcin kirki, tun da dilolinsa suka maƙale a iyaka, bashi ya hau kansa. An auna jini, an auna sukari, ya sha maganin zazzaɓi har sau biyu, daga ƙarshe aka rubuta masa takarda ya je ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Sati 3 takardar tana aljihunsa. Ya ce da ni: "Ɗana, ni fa ba mahaukaci ba ne. Kuma in na je, me za su yi mini? Nawa za su ci?" Da izininsa na kawo maganar, ba tare da sunansa ba, don na san ba shi kaɗai ke riƙe da irin wannan takarda ba.

Amsar a dunƙule ita ce: wannan jiyya ba allura ɗaya ba ce da za a yi maka ka tashi ka kama gabanka. Tafiya ce mai zango-zango, kuma ku da kuka san hanya kun san ba a fita sai an lissafa guzuri.

Wa ke zuwa can?

Yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa, kuma ranar suke komawa gida. Akwai wanda barci ya ƙaurace masa, akwai mai faɗuwar gaba ba dalili, akwai wanda abinci da hira da ciniki duk suka fita ransa. Akwai makiyayin da aka kore masa garke cikin dare, har yau ko kare ya yi haushi sai ya zabura. Akwai yaron mota da ya fara shan tiramol don ya jure aiki, yanzu in bai sha ba jikinsa ba ya ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wata larura irin wannan. Mu nan kuma mun ga abin da ya biyo bayan rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da rufe gadar Malanbil da Gaya bayan Yulin 2023. Jari ya karye, kuma ba aljihu kaɗai karyewar ta taɓa ba.

Wa za ka gani, kuma a ina?

Masu aikin iri biyu ne, kada ka haɗa su. Na farko likitan ƙwaƙwalwa, wanda a nan ake ce wa sikiyatir. Cikakken likita ne, yana auna jiki, yana rubuta magani, shi ke cewa a kwantar da mutum in ta kama. Na biyu masanin halayyar ɗan Adam, wato sikolog. Shi ba ya rubuta ƙwaya, aikinsa zama da kai da tattaunawa. Wani ɗaya yake buƙata, wani duka biyun.

A Kwatano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati da kowa ke kira Jako, wajen Fijirose, kuma babban asibitin CNHU yana da nasa sashen. A arewa akwai sashen a babban asibitin Paraku. Akwai kuma cibiyoyin ƙungiyar Saint Camille a Abaranku da Bohikon da Jugu, waɗanda aka sani da sauƙin kuɗi, kuma ba sa tambayar addinin mutum kafin su karɓe shi. Wanda ya kafa ƙungiyar, Grégoire Ahongbonon, ɗan Benin ne da ya yi sana'ar faci da motocin haya a Kwaddibuwa, ya yi kuɗi, ya karye, har damuwa ta kusa sa shi ya kashe kansa. Kun ga ke nan ya san ciwon daga ciki.

Wanda harkarsa ta fi karkata Najeriya, akwai asibitin Yaba a Legas, da Aro a Abekuta, da Kware kusa da Sakkwato, da Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano. A Nijar akwai sashen a babban asibitin Yamai. Shawarata, kada ka zaɓi wuri don sunansa. Zaɓi inda ƙafarka ta fi yawan bi, don komawar ita ce aikin.

Ranar farko

Ka yi sammako, ka ɗauka safiyar nan ta tafi. Za ka yanki kati, a buɗe maka karne, ka bi layi. Ka zo da katin shaida, da takardar likitan da ya turo ka, da sakamakon awon da aka taɓa yi maka. Ka zuba duk abin da kake sha a leda ka zo da shi, na asibiti da na tebur da jiƙo da gari. Ba don a yi maka faɗa ba ne, don wani maganin ba ya shiri da wani.

In ka shiga, tambayoyi ne. Yaushe abin ya fara? Yaya barci, yaya cin abinci? Akwai wanda ya taɓa irin wannan a dangi? Kana shan wani abu? Ka taɓa jin gara ka mutu ka huta? Wannan ta ƙarshe kowa ake yi wa ita, kada ka ɗauka an raina imaninka. Faɗi gaskiya, don likita ba boka ba ne, abin da ka ba shi da shi zai yi aiki. Mai yiwuwa ya sa a sake auna jini, saboda ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo da sukari suna iya kawo kasala da faɗuwar gaba.

Sai maganar harshe. Asibitocin nan Faransanci da Fon suka fi yawa. In ba ka ji, ka zo da tafinta, amma ka zaɓa da kyau. Kada ya zama mai binka bashi, ko abokin hamayyarka a kasuwa, ko ƙaramin ɗanka da za ka ji nauyin magana a gabansa. Ke ma Hajiya, kina da damar cewa kowa ya fita, a bar ki da likita da wadda kika yarda da ita. Doka ta ɗora wa likita riƙe sirri, amma ba ta ɗora wa ɗan rakiya ba.

Magana kawai, ita ce maganin?

Da yawa suna fitowa daga zaman farko suna cewa, "To ai hira kawai muka yi, kuɗina sun tafi a banza." Hirar ba irin ta majalisa ba ce. Zama ɗaya yakan ɗauki minti 45 zuwa awa 1, sau ɗaya a mako ko a mako biyu. Ana warware damuwar ne ɗaya bayan ɗaya: wanne ke hannunka, wanne ba ya hannunka, me za ka gwada kafin zama na gaba. Za a iya ba ka aikin gida, kamar ka tsayar da lokacin kwanciya, ko ka daina shayi mai kauri da goro bayan magariba, ko ka je ka fuskanci mai bashin nan da kake ta kauce wa layinsa. A Zimbabuwe an koya wa tsofaffin mata irin wannan tattaunawa, suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama 6, kuma da aka bincika an ga mutane sun samu sauƙi ƙwarai.

Ka sani, zama na biyu ko na uku yakan yi nauyi, don an taɓo inda ke ciwo. Wannan ba alamar abin ya ƙi ba ne. Amma in an yi zama 3 ko 4 ka ga jininku bai haɗu da mai sauraron naka ba, ka faɗa, ka nemi a canza maka. Ba rashin kunya ba ne.

In an rubuta ƙwaya

Maganin ciwon damuwa ba kamar farasitamol ba ne. Yakan ɗauki sati 2 zuwa 4, wani har 6, kafin ka ji canji. A kwanakin farko wani yana jin bushewar baki, ko jiri, ko barci mai nauyi. Direba da ɗan zem su gaya wa likita sana'arsu tun farko, haka mai ciki da mai shayarwa. Bayan ka ji sauƙi, akan ci gaba da sha aƙalla wata 6. A nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa: barci ya dawo, sai a jefar da sauran, bayan wata biyu ciwo ya dawo, a koma farko da sabon kashe kuɗi. Ba a yanke shi rana ɗaya, likita ne ke rage shi sannu a hankali. In azumi ya gabato, ka tambaya tun kafin a ga wata yadda za a gyara maka lokutan sha.

Lissafin kuɗi

Farashi ya bambanta tsakanin asibitin gwamnati, da na masu zaman kansu, da na ƙungiyoyin agaji, kuma yana canzawa. Saboda haka ka tambaya a wurin yankar kati kafin ka zauna, kamar yadda ba ka loda kaya sai ka ji kuɗin mota. Aljihu biyar za ka tanada: kuɗin kati da ganin likita, kuɗin awo in an sa, kuɗin magani na kowane wata, kuɗin mota naka da na ɗan rakiya, sai cinikin ranar da ka rufe rumfa ko ladan wanda ya tsaya maka a kan dabbobi. Na huɗu da na biyar su ne mutane ke mantawa. Mu ce zem ɗinka zuwa da dawowa jika 1 ne, zama 4 a wata: jika 4 ke nan ba ka biya likita ko dala ba. Wanda kuɗinsa naira ce kuma ya tuna da canji.

Ka yi waɗannan tambayoyi ba kunya: Nawa ne ganin farko, nawa ne na komawa? Sau nawa zan dawo a wata 3 na farko? Maganin nan yana da jenerik, wato irinsa mai araha? In ƙarfinka bai kai ba, ka gaya wa likita ƙarara, ka nemi a nuna maka ofishin sosiyal na asibitin. Gara a tsara maka abin da za ka iya riƙewa wata 6 da a rubuta mai tsada ka sha sati 2 ka tsaya. Kuma ka saya a farmasi. Kun tuna tarin maganin jabu da hukuma ta kwashe a kasuwar Dantokpa a 2017. Arahar tebur tana iya zama asara biyu.

Ga wanda ba ya zama wuri ɗaya

Ardo da Alhajin fatauci, wannan naku ne. Tun ranar farko ka gaya wa likita yadda shekararka take: yaushe kake Kwatano, yaushe kake arewa, yaushe ake tashi da shanu. Ku sa randebu ya dace da ranar da dama kake shigowa sari ko kawo dabbobi. Ka nemi maganin da zai kai ka har dawowa, da 'yan kwanaki a kai, don iyaka ba ta da alkawari. Ka tambaya ko ana iya yin wani zaman ta waya. Wasu cututtukan suna da allurar da ake yi sau ɗaya a sati 2 zuwa 4, likita ne zai ce ko ta dace da kai.

In za ka ƙetare Seme ko wata iyaka, bar magani cikin kwalinsa, ordonansi tana tare da shi, don jami'ai suna sa ido a kan irin waɗannan ƙwayoyi. Ka ɗauki hoton ordonansi da karne a waya. Ka sa a rubuta maka ainihin sunan maganin, ba sunan kamfani kaɗai ba, saboda sunan kwali a Kwatano ba lallai ya zama shi ne a Kano ba. Kada ka bar shi a gaban mota rana tana dukansa.

Malam fa?

Ba wanda ya ce ka bar addu'a ko ka daina zuwa wurin malaminka. Ka riƙe duka biyu. Abin da muke roƙo shi ne kada a ce ka ajiye maganin asibiti, kuma kada a yarda a ɗaure mara lafiya da mari ko a doke shi da sunan cire aljani. Ɗaurin nan ba ya warkarwa, rauni yake ƙarawa.

Abin da ba ya jiran randebu

In mutum yana maganar kashe kansa, ko ya kwana 3 ba barci yana ta surutu da rabon dukiya, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko mai jego ta rikice bayan haihuwa, a kai shi asibiti ranar. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da wuƙa da igiya da maganin feshi da na dabbobi daga kusa. In kuma rikicewar ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi ko sanƙarewar wuya, wannan na asibiti mafi kusa ne, don yana iya zama zazzaɓin sauro da ya hau kai ko sanƙarau.

Baba mai gwanjo, na san za a karanta maka wannan. Takardar nan ta aljihunka ba ta ce kai mahaukaci ne ba, cewa ta yi akwai wanda ya fi sanin irin ciwonka. Ka sa yaro ya tsare rumfa safiya ɗaya, ka je ka ji farashi da bakinsu. Mai tambaya kuma ya aiko ta gidan rediyo, ba za mu ambaci suna ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kai matafiya gida lami lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.