Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Olsa Ba

A ƙasar Hausa, da zarar mutum ya ji zafi a saman cikinsa sai ya yanke wa kansa hukunci cewa olsa ce, ya nufi kemis ya sayo magani, wani ya shekara goma yana sha. Alhali gyambon ciki da kumburin tumbi da ciwon daji duk suna iya farawa da irin zafin nan, kuma maganin kan lafar da zafin ko da daji ne ke ci a ɓoye. Abin da ke rarrabe su shi ne likita ya gani da idonsa, aikin endoskofi ke nan. Siririn bututu ne mai lanƙwasuwa, kaurinsa kamar ƙaramin yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa. Ana zura shi ta baki ya bi hanyar abinci zuwa tumbi har farkon hanji, in an ga wurin da bai kwanta a rai ba a tsinko ɗan nama a kai gwaji. Daga irin wannan naman ne Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya, farkon shekarun 1980, cewa ƙwayar cuta mai suna H. pylori ce silar yawancin gyambon ciki, binciken da ya kai su ga lambar Nobel a 2005.

Masu tsoron shaƙewa su sani hanyar abinci daban, ta numfashi daban. Mutum zai kwana bai ci komai ba, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, ya kwanta ta gefen hagu, kafin minti 15 galibi an gama; kakarin amai ne dai babu daɗi. Masu cewa ai sun yi sikanin kuwa, na'urar tana nuna hanta da matsarmama sosai, amma iskar da ke tumbi tana tare mata gani. Ƙorafin tsada da ƙarancin wuraren yi gaskiya ne, shi ya sa ba kowa ake turawa ba. Matashi mai ƙwarnafi kawai, gwajin bahaya don neman H. pylori na iya isarsa. Amma mai aman jini, ko baƙin bahaya kamar kwalta, ko wahalar haɗiya, ko ramar da ba a san dalilinta ba, jinkirinsa ya fi kuɗin gwajin tsada. Sau da yawa ma a nan take ake magani, domin da bututun ake ɗaure jijiyoyin da ke fashewa a hanyar abincin masu ciwon hanta, jinin ya tsaya ba tare da an yi tiyata ba.