Yadda Narkakken Dutse Ke Ajiye Ƙwayoyinsa, da Yadda Yake Ɗauko Su

Ɗalibin da ya tsinci ɓallin dutse a gonakin Falgore ta ƙasar Rogo, ko a gefen madatsar ruwan Challawa da ke Ƙaraye, idan ya duba da kyau zai ga ba abu ɗaya ba ne. Ƙwayoyi ne manne da juna, wasu farare kamar ƙanƙara, wasu jaja-jaja, wasu baƙaƙe masu ƙyalli. Su ne masana ke kira kiristal, wato ƙwayar ma'adinin da ta girma bisa tsari, kamar ƙwayar gishiri ko ta alif. Yawancin duwatsun wannan yanki giranit ne da danginsa, kuma shekarunsu sun kai kimanin miliyan 600. Girman ƙwayoyin shaida ne cewa dutsen ya taɓa zama narkakke, ya kuma huce sannu a hankali can ƙarƙashin ƙasa. Malami na iya nuna wannan a aji: ya narkar da alif a ruwan zafi, ya raba biyu, ya sa kashi ɗaya a faranti ya huce nan take, ɗayan kuma ya nannaɗe kwalbarsa da tsumma ya kwana. Manyan ƙwayoyi na wajen wanda ya kwana.

Akwai wata Falgoren, wato dajin da ke kan hanyar Kano zuwa Jos, kuma kusa da shi ne duwatsun Riruwai suke. Riruwai gindin tsohon dutse mai aman wuta ne da ya yi zamaninsa kimanin shekaru miliyan 170 da suka wuce. Ruwa da iska sun cinye samansa, sun bar cikinsa a fili, har mutane suka daɗe suna haƙar kuza a wurin. Sai dai narkakken dutsen Riruwai mai kauri ne, irin wanda ke zama giranit. Mai son ganin basalti, baƙin dutsen nan da ke fitowa da zafin digiri 1,100 zuwa 1,200 yana malala kamar koko, sai ya ƙarasa Filato, wajen Panyam da Kerang, ko ya nufi tsaunukan Biyu a Jihar Borno, inda tafkin Tila ke zaune cikin bakin tsohon aman wuta.

A waɗannan wurare abin mamaki na jiran sa. Basalti a sarari yake hucewa, cikin gaggawa, don haka ƙwayoyinsa ƙanana ne, ido ba ya rabe su. Amma jifa-jifa a cikinsa akwai manyan ƙwayoyi, wasu koraye kamar fasasshiyar kwalba, waɗanda ake kira olibin, wasu kuma baƙaƙe, har da masu girman goro. Ba zai yiwu a ce sun girma bayan fitowa ba, domin lokacin bai isa ba. Ashe da su aka taho daga ƙasa.

Tsofaffin littattafan makaranta kan zana ɗakin narkakken dutse kamar wata ƙatuwar randa cike da ruwa tsantsa a ƙarƙashin tsauni. Wannan zane ya yi sauƙi da yawa, kuma ya kamata malamai su rage dogaro da shi. Da masana suka yi amfani da motsin girgizar ƙasa wajen leƙa ƙarƙashin duwatsu masu aman wuta, ba su cika samun irin wannan randa ba. Abin da ya fi yawa shi ne cakuɗa mai kama da fate, ƙwayoyi jingine da juna, narkakken dutse kuma yana cike ratar da ke tsakaninsu.

Yadda faten ke haɗuwa ba shi da wuyar fahimta. Tun farkon ƙarni na 20 Norman Bowen, wani masani da ya yi aiki a birnin Washington na Amurka, ya nuna cewa ma'adinai ba sa daskarewa lokaci guda. A basalti, olibin na cikin na farko. Ga shi kuma ya fi ruwan da ya haife shi nauyi: nauyinsa ya ninka na ruwan sha kimanin sau 3.3, na narkakken basalti kuwa kimanin sau 2.7. Saboda haka sai ya riƙa nitsewa yana taruwa a ƙasa, kamar yadda jajayen ƙwayoyin jini ke kwantawa idan an bar jini tsaye cikin kwalbar gwaji. An ga wannan zahiri a Hawai. A 1959 aman Kilauea Iki ya cika wani kwari da tafkin narkakken dutse mai zurfin fiye da mita 100, masana suka yi ta haƙa shi lokaci bayan lokaci daga 1960 har zuwa 1988, suka tarar olibin ya yi yawa a sashen ƙasa, ya ragu a sama.

Idan ƙwayoyi suka kai kimanin rabin cakuɗar, sai ta cije, ta daina gudana. Nan ne rumbun ajiya. Ƙwayoyi na iya zama a wannan hali ɗaruruwa ko dubban shekaru, ba su narke ba, dutsen kuma bai gama daskarewa ba. Abin da ke tayar da su shi ne baƙo: sabon narkakken dutse mai tsananin zafi da iskar gas, wanda ke kutsowa daga ƙasa, ya sassauta faten, ya yayibi ƙwayoyin, ya tsaga dutsen da ke sama ko gefe ya wuce da su. Tafiyar ba dole ta zama sama kai tsaye ba. A Iceland, a watan Agustan 2014, narkakken dutse ya bar ƙarƙashin Bardarbunga ya yi tafiyar fiye da kilomita 40 ta gefe cikin kimanin mako biyu, kafin ya ɓullo a Holuhraun.

Wuri mafi daɗi a wannan ilimi shi ne cewa ƙwayar na riƙe da tarihin tafiyarta. Idan aka yanka olibin aka duba da na'ura, sau da yawa akan ga tsakiyarsa daban, gefensa daban, kamar zoben da ke jikin gungumen itace. Tsakiyar ta girma ne a rumbu, gefen kuma ya girma bayan baƙon ya iso. Muddin ƙwayar na cikin zafi, sinadaran ƙarfe da magnisiyam suna ta ratsa iyakar da ke tsakani, suna dusar da ita a hankali. Da zarar an fito fili an huce, sai wannan aiki ya tsaya cak. Tunda an auna saurin ratsawar a ɗakin gwaji, faɗin dusasshiyar iyakar na bayyana tsawon lokacin da ya wuce tsakanin tayar da ƙwayar da fitowarta. Amsar da akan samu ita ce kwanaki, makonni ko watanni. Ajiya ta dubban shekaru, tafiya ta 'yan makonni. Ga mutanen da ke zaune gindin dutse mai rai, wannan lissafi shi ne ke nuna yawan lokacin da suke da shi bayan ƙasa ta fara rawa. Maganar ba ta yi nisa da mu ba, domin Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999 da 2000, kuma masana na lissafa Biyu cikin dangin wannan jerin duwatsu.

Basaltin Filato da na Biyu ya ɗauko kaya fiye da nasa. A cikinsa akan sami dunƙulen koren dutse da ya fizgo daga ƙarƙashin ɓawon duniya, daga zurfin kilomita gommai. Irin wannan dunƙule nauyi gare shi. Da tafiyar ta yi sanyi, da ya nitse ya koma. Isowarsa sama na nufin narkakken dutsen ya yi gudun da ya fi nitsewar, kuma ƙiyasi ya nuna tafiyar ba ta wuce awanni ko 'yan kwanaki ba.

Haka shuɗin yaƙutun nan da mahaƙa ke kira safaya ya iso Mambila da ƙasar Jama'a a kudancin Kaduna. Ba basalti ne ya haife shi ba, fasinja ne kawai, shi ya sa akan ga gefensa a lashe, alamar narkakken dutsen ya fara cin sa a hanya. Bayan basaltin ya ruɓe ya zama jar ƙasa, safaya ba ya ruɓewa saboda taurinsa, sai ruwan sama ya gangara da shi ya tara cikin tsakuwar rafuka, inda mahaƙa ke wanke shi da rariya.