YADDA ZA A RAGE ZANGUNAN KWAMFUTA BA TARE DA HASARA BA

Zuwa ga Hakimai da Malamansu.

A zamanin nan wasiƙu da lissafi da takardun filaye duk a kwamfuta a ke rubuta su. Sau da yawa kuwa malami ya kan tarar rumbun kwamfutarsa ya cika, sai ya shiga share abin da bai san amfaninsa ba. An rubuta wannan takarda domin a bayyana ɗaya daga cikin abubuwan da ke cinye wuri a rumbu, da yadda za a rage shi cikin hankali.

MENE NE ZANGO?

Kamfanin Microsoft na Amurka, mai yin Windows, ya sa wata dabara a cikinta tun shekarar 2000, tana nan kuma har cikin Windows 11 da ta fito a 2021. Lokaci lokaci kwamfuta ta kan rubuta yadda kayan aikinta su ke a ranar, ta adana, musamman kafin a sa mata sabuwar manhaja. Wannan ajiya ita mu ke kira zango, gama kamar zangon fatake ta ke: in tafiya ta ɓaci a gaba, sai a komo inda aka kwana lafiya. In aka ɗauke wuta ana cikin sabunta Windows, kwamfuta ta rikice, zango ne zai mai da ita yadda ta ke jiya.

Amma lalle a lura, zango ba ya tsare takardun ofis. Wasiƙar da aka share ba za ta dawo ba don an koma zango. Saboda haka tilas malami ya riƙa kwafe takardun gunduma a filashi ko wani rumbu dabam, ya kulle a akwati.

RABON WURI

Kowane zango yana cin wuri. A ce wani malami a Unguwar Boro, kudu da Kogin Kaduna, yana da kwamfuta mai rumbu na gigabait 256. In an bar wa zanguna kashi 20 cikin ɗari, suna iya cinye fiye da gigabait 50. In kuwa aka tsai da su a kashi 5, ba za su wuce gigabait 13 ba. Sa'ad da rabonsu ya cika, kwamfuta da kanta ta kan share mafi tsufa ta sa sabo. Watau wanda ya yanka musu iyaka ya huta da yawan shara.

Ga yadda a ke yi. Sunayen maɓallan da Turanci su ke, mun kawo su yadda za a gan su.

1. A wurin nema a rubuta "Create a restore point", a buɗe abin da ya fito.

2. A zaɓi rumbun da Windows ta ke ciki, galibi mai harafin C, a danna "Configure".

3. A ja ɗan ma'aunin da ke gaban "Max Usage" zuwa kashi 5, ko 10 in rumbun ƙarami ne ƙwarai, sa'an nan a danna "OK".

SHARE TSOFAFFI

Hanya biyu ce. Ta fari ita ce "Disk Cleanup": a buɗe ta, a danna "Clean up system files", a shiga "More Options", a danna "Clean up" na ƙasa. Wannan tana share dukan tsofaffi, ta bar na ƙarshe. Ita muka fi so malamai su bi.

Ta biyu ita ce maɓallin "Delete" da ke ƙarƙashin ma'aunin nan. Shi ba ya barin ko ɗaya, abin da ya share kuwa ba ya dawowa. Wanda ya danna shi, to, nan take ya danna "Create" ya kafa sabon zango kafin ya tashi daga kujera.

GARGAƊI

Kada a share zango ran da kwamfuta ke ciwo, domin watakila tsohon nan shi ne maganinta. A jira sai ta yi kwanaki tana aiki lafiya. Har wa yau kada a kashe dabarar gaba ɗaya don kwaɗayin wuri, gama kashe ta yana tafiya da dukan zangunan da ke akwai. Kuma kada a dogara ga zango ya daɗe: tun watan Yuni na 2025, sabon fitin Windows 11 ba ya riƙe zango fiye da kwana 60.

Muna roƙon Hakimai su tambayi malamansu abu biyu a ƙarshen kowane wata: ko akwai zango a kwamfutar ofis, ina kuma kwafin takardun jama'a ya ke. Rigakafi ya fi magani.