Daren da John Wesley ya daina dogara da ƙoƙarin kansa

Kafin 1738, John Wesley, limamin Cocin Ingila, babu irin ibadar da bai yi ba: azumi, addu'a a kan lokaci, ziyarar fursunoni a Oksfod, har wa'azi a Jojiya ta Amurka. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba.

Ranar 24 ga Mayu, 1738, a wani taro a titin Aldersgate na Landan, ya ji ana karanta gabatarwar da Martin Luther ya rubuta wa wasiƙar Romawa. A nan ya sami tabbacin cewa an gafarta masa saboda Almasihu.

A koyarwar wannan gabatarwa ta Luther, bangaskiya ce ke karɓar alherin Allah, Ruhu Mai Tsarki ya sabunta zuciya, sannan ayyuka su biyo baya. Wesley dai bai bar azumi ba, kuma a 1739 ya fara wa'azi a fili a Biristol.