Kajin Gida da Ma'aunin Iri: Zaɓen da Kasuwar Kilomita Biyar Take Yi

Ma'aunin iri, a fagen kiwon kaji, rubutaccen bayani ne da masu kiwo suka yi ittifaƙi a kansa, wanda yake fayyace siffar da ake so kaza ko zakara na wani jinsi su kasance da ita, tun daga nauyi da tsayuwar jiki har zuwa yanayin zanko da launin gashi da na ƙafa, domin duk mai zaɓen iri ya san abin da zai ajiye da abin da zai fitar daga garkensa. An fara buga irin wannan littafi a Ingila a 1865, sannan ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka, wadda aka kafa a 1873, ta fitar da nata a 1874. Daga baya masu fafutukar adana tsofaffin jinsuna a can suka ware abin da suka kira kajin gado, wato waɗanda suke da rubutaccen ma'auni, suke barbara da kansu, suke jure rayuwar waje shekaru masu yawa, kuma ba sa isa yanka kafin mako 16, saɓanin kajin gidan gona da ake kai wa kasuwa cikin mako shida ko bakwai.

Idan aka ɗora waɗannan sharuɗɗa a kan kajin da ake kawowa kasuwar Kilomita Biyar, babbar unguwar fatauci ta Bangui inda Hausawa da Fulani da sauran Musulmi suka daɗe da zama a kewayen babban masallaci, za a tarar sun cika su duka in ban da guda, domin babu wani littafi da ya taɓa bayyana yadda ya kamata su kasance. Kazar da Hausawa suke kira ta gida, masu harshen Sango kuma suke ce mata kondo, tarin tsatso ne da zafi da cuta da shirwa da yunwar rani suka tace, ba jinsi guda da wani ya ƙera ba. Nauyinta bai cika wuce kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, tana zuba ƙwai goma zuwa goma sha biyar sau uku ko huɗu a shekara, ta yi kwanci kwana 21, sannan ta yi renon 'yan tsakinta da abin da ta tona a bola da gindin danga. Masu saye sun fi daraja namanta a kan na gidan gona, kuma suna biyan bambancin ba da gardama mai yawa ba.

Sai dai wannan darajar ita ce take cin irin. Duk lokacin da Sallah ko Kirsimeti ta gabato, ko aka yi suna, ko baƙo mai nauyi ya sauka, zakaran da ya fi girma da kyan gani shi ake kamawa, ko dai a yanka shi ko a ɗaure shi a bayan babur zuwa kasuwa, saboda shi ne zai fi kawo sefa. Wanda ya rage a tsakar gida yana bin kaji shi ne ƙanƙanen da dillali ya raina. Haka ake yi a ƙauyukan da suke ciyar da Bangui, haka kuma ake yi a Kano da Maraɗi, kuma ma'anarsa a ilimin gado ita ce ana zaɓen iri a kowace shekara, amma ta baibai. Nauyin jiki yana daga cikin halayen da 'ya'ya suka fi gada daga iyaye, don haka garken da aka daɗe ana tsame manyansa ba abin mamaki ba ne ya riƙa tsumburewa. Hausawa suna cewa zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, amma karin maganar bai ambaci wuƙar mai gida ba, wadda ta fi muzuru da shaho iya zaɓe.

Saboda haka amfanin farko na ma'auni a irin wannan wuri shi ne ya ba mai kiwo hujjar hana sayar da zakaran da ya fi kowane kyau. Ba a kuma buƙatar kwaikwayon littattafan Turai, inda alƙalan baje koli suke rage maki saboda yawan tsinin zanko ko farin gashi guda a fiffike, domin waɗannan ƙa'idodi an tsara su ne don gasa, kuma sun sha kai masu kiwo ga fifita ado a kan ƙwai da lafiya. Hausa ma tana da nata sunayen siffa tun da daɗewa: akwai fingi mai murɗaɗɗen gashi da yake tashi sama, akwai durgu mai gajerun ƙafafu, akwai mai tukku, akwai marar gashin wuya, ga kuma launuka irin su ja da baƙa da wake-wake. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hukuncinsa a wajen haɗa iri. Rashin gashin wuya hali ne mai rinjaye, wato ya isa tsako ya gaje shi daga uwa ko uba kaɗai ya bayyana a jikinsa, kuma yana rage gashin jiki da kusan kashi 20 cikin ɗari, ko kashi 40 idan an gada ta ɓangarori biyu, abin da yake taimaka wa kaza fitar da zafi a gari mai gumi kamar Bangui da yake bakin kogin Ubangi. Fingi ma mai rinjaye ne, amma idan aka haɗa fingi da fingi, wani kaso na 'ya'yan yakan fito da gashi mai karyewa wanda ba ya kare su daga ruwa, shi ya sa ake haɗa shi da mai kwantaccen gashi. Game da durgu kuwa, a wasu jinsunan masu gajerun ƙafafu an tabbatar cewa haɗa biyu yana kashe kusan rubu'in 'yan tsaki tun suna cikin ƙwai, don haka wanda ya ga ƙwai yana yawan lalacewa a irin wannan haɗi ya kamata ya canza zakara.

Aikin zaɓen kansa da hannu da sikeli ake yinsa. Ana auna 'yan tsakin ƙyanƙyasa ɗaya a mako na takwas, a sake auna su wajen mako na ashirin, domin kwatanta tsuntsayen da shekarunsu suka bambanta ba ya nuna komai. Sannan a ɗauki kowace a shafa faɗin baya da cikar ƙirji, a duba ko ƙashin ƙirjin a miƙe yake, a duba yatsu da baki da ido. A jikin sagara, wato budurwar kaza da ta soma ƙwai, ana gwada tazarar ƙasusuwa biyu da suke gefen mafitar ƙwai, kuma wadda yatsu biyu zuwa uku suka shiga tsakaninsu ita ce mai zubawa. Abin da hannu ba ya ganewa shi ne halin uwa, wato ƙwai nawa ta ƙyanƙyashe da 'yan tsaki nawa ta raya har suka yi gashi, kuma wannan matan gida ne suka san shi, kasancewar su ne akasari masu kajin, kuma sun saba ɗaura wa kowace tsumma ko zare a fiffike don a bambanta ta da ta maƙwabta. Wannan alamar, idan aka haɗa ta da ɗan littafin rubutu, ta isa rajistar asali.

Wahalar da ta fi kowace a unguwa mai cunkoso ita ce sanin uban tsako, domin kaji ba su san iyakar gida ba, kuma kaza tana iya riƙe maniyyin zakara a jikinta mako biyu zuwa uku. Dole ne a killace zaɓaɓɓun kaji a akurki mai fili na kimanin mako uku kafin a soma tara ƙwan da za a sa su kwanta, da zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma. Garke ƙarami kuma yana saurin faɗawa barbarar dangi, wadda alamarta ita ce raguwar ƙyanƙyasa da raunin 'yan tsaki. Maganin da masu kiwon jinsunan gado suka daɗe da shi shi ne a raba iri gida uku, mata su zauna inda aka ƙyanƙyashe su, zakaru kuma su riƙa matsawa gida na gaba kowace shekara. Maƙwabta uku da suka amince da juna za su iya gudanar da wannan ba tare da ƙarin fili ba.

Duk wannan aiki annoba ɗaya tana iya share shi cikin mako guda. Cutar Newcastle, wadda ta fi tsananta da rani, tana iya kashe mafi yawan garken da ba a yi wa rigakafi ba, kuma kasuwar kaji masu rai ita ce babbar mahaɗarta, don haka sabon tsuntsun da aka sayo a keɓe shi mako biyu, rigakafin da ake ɗigawa a ido kuma a maimaita shi duk wata uku zuwa huɗu.

Akwai masu ganin gajeriyar hanya ita ce a sako zakarun Turai cikin garke, kuma an gwada hakan a ƙasashen Afirka da dama a ƙarnin da ya wuce ba tare da sakamako mai ɗorewa ba, saboda 'ya'yan sun fi son abinci da magani, wasunsu kuma sun daina kwanci. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar da Shika Brown, Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta kuma ta samar da FUNAAB Alpha, kuma duka biyun ci gaba ne na gaske ga mai neman ƙwai da yawa, amma mai kiwonsu yakan koma wurin injin ƙyanƙyasa don sabon zubi. A Bangui wannan dogaro yana da tsada ta musamman, domin akasarin kayan da birnin yake shigowa da su ta hanyar Douala da Garoua-Boulaï suke biyowa, kuma lokacin da 'yan tawaye suka datse hanyar daga Disamba 2020 zuwa farkon 2021, farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo, alhali kazar da take kwanci a bayan ɗaki ba ta jiran mota.

Burkina Faso ta soma shirin yi wa kazarta ta gida, wadda ake yi wa laƙabi da kazar keke, tambarin kariya a 2021, kuma irin wannan rajista tana bi ne ta hukumar kare haƙƙin fasaha ta OAPI, wadda yarjejeniyar da ta kafa ta a Bangui aka sa mata hannu a 1977. Kafin a yi wa kowace kaza tambari, sai an rubuta siffarta da nauyinta da yadda ake kiwonta, kuma a Kilomita Biyar waɗanda suka riga suka san waɗannan abubuwa su ne dillalan da suke jinjina kaza a hannu su faɗi kuɗinta, da matan da suka san uwar kowane tsako.