Yarinyar da Ta Ƙi Tashi Daga Benci

Duk malamar da ta koyar a ƙaramar sakandaren 'yan mata ta taɓa ganin haka. An kaɗa ƙararrawar tashi, aji ya watse, amma yarinya ɗaya ta lafe a benci, ta ja hijabi har gwiwa, tana jira kowa ya fita. Jini ta gani a siket ɗinta, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata yana tafe.

Yawancin 'yan mata kan fara al'ada tsakanin shekara 10 zuwa 15, galibi wajen 12 ko 13, jinin kuma ya yi kwana 2 zuwa 7. A shekarun farko ba ya bin lissafi. Tsakanin wannan zuwa da na gaba kan kai kwana 21 zuwa 45, wani watan ma ya yi tsallake, domin jiki bai daidaita wajen fitar da ƙwai kowane wata ba. Rashin sanin wannan kaɗai ya sa an titsiye yara da tuhumar abin da ko a mafarki ba su yi ba.

Abin mamaki, addini bai ɓoye maganar ba. 'Yar Islamiyyar da ta karanta Ahalari ta wuce babin haila, ta ji cewa a mazhabar Malikiyya kwana 15 ne iyakar mai farawa, ta koyi wankan tsarki. Sai dai sau da yawa malamin namiji ne, ya karanta ya fassara ya wuce, yara suna sunne kai. Hukunci ta samu. Yadda za ta yi da jikinta kuwa an bar wa gida. A gida kuma ga alkunya. Uwar da ko sunan 'yar farinta ba ta iya kamawa, ta ina za ta soma wannan zance? A da, kaka ko goggo na tsakar gida ɗaya, su ke ɗauke mata nauyin. Yanzu da ake zaman haya ɗaki biyu, nesa da dangi, ƙawa da TikTok ne suka gaji aikin.

Kunzugun tsumma ba abin raini ba ne, iyayenmu da shi suka girma. Sharaɗinsa a wanke da sabulu, a shanya a rana ya bushe ƙayau. To amma wace budurwa ce za ta baza shi a igiyar tsakar gida, ga yayye maza suna shige da fice? Sai ta cusa shi ƙarƙashin katifa da danshinsa, ƙaiƙayi da kuraje su biyo baya. Audugar mata ita ma tana son canji duk awa 4 zuwa 6. Dokar Kuɗi ta 2019 ta cire wa wadda ake yi a Najeriya harajin VAT, amma a gidan da ake auna gari da gwangwani har yau kayan marmari ce. Idan kuma makaranta ba ta da banɗaki mai ƙofa da ruwa, yarinya za ta ce kanta ke ciwo ta zauna a gida. Shi ya sa gyaran banɗakuna ya shiga cikin shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 don karatun 'yan mata a jihohi irin su Kano, Katsina, Kaduna da Borno.

Ciwon mara kuwa ba raki ba ne. Mahaifa ce ke murɗawa don ta fitar da jinin. Gorar ruwan ɗumi a mara na taimakawa, haka ibuprofen bayan cin abinci ga wadda ba ta da gyambon ciki. Amma idan jini ya wuce mako, ko yana jiƙa auduga cikin awa ɗaya, ko jiri na ɗibarta, ko ta cika 15 ba ta gani ba, asibiti ya kamata a nufa. A kuma yawaita mata wake, zogale, alayyahu da hanta, a raba shayi da lokacin cin abinci, don yana rage wa jiki tsotsar sinadarin da ke gina jini.

Na san wata goggo da ba ta jira ranar ta zo ba. Da 'yar wanta ta cika goma, ta kira ta ɗaki ta rufe ƙofa, ta ɗauko auduga da ɗan kamfai ta nuna mata yadda ake liƙawa. Ta saka guda ɗaya a aljihun jakar makarantarta, ta ce, “'Yata, duk ranar da kika gani, kada ki yi kuka. Ki zo ki ce mini, Goggo, baƙo ya iso.”